Fuskar Yaya Sani a Bangon Inna

Shekarar da idon kakarku Inna ya fara tafiya, ni ina can ina yawon duniya da akwatunan mutane a ka. Kun dai san sana'ata. In za a yi babban taro, mu ne masu zuwa tun kafin manya su iso, mu ja waya, mu kafa majigi, mu gwada lasifika, sannan mu koma lungu mu yi tsit kamar ba mu zo ba. Sana'ar nan ta kai ni Legas da Fatakwal, ta kai ni Yamai da Kwatano, na ci abincin da har yau ban san sunansa ba. Amma duk ɗakunan taron da na haɗa, babu wanda ya sa ni gumi kamar ɗakin Inna, ɗan ɗakin ƙasar nan na ƙauyenmu da ke ƙasar Bebeji, kusa da bakin ruwa. Na san kun ji labarin daga bakin Baffanku na Gabon, kuma shi in ya tashi ba da shi, ni ne mugun labarin. To ku gyara zama ku ji nawa.

Yaya Sani, Baffan naku, shi ne ɗan farin Inna. A tsohon garinmu aka haife shi, wanda ruwan Tiga ya cinye, ni kuwa auta a sabon wuri na zo, shi ya sa yake ce min baƙo. Tun ina ɗan saurayi ya bi fatake ya yi Kamaru, daga nan ya zarce Gabon, ya buɗe rumfar yadi, ya yi aure, ya tara iyali. Takardunsa na zama suka rikice, ya zamana in ya fito ba zai iya komawa wajen 'ya'yansa ba, sai ya zauna. Waya dai ana yi. Yakan kira Yaya Talatu, wadda ke bi masa, ita ke zaune da Inna tun rasuwar mijinta, ta isar da gaisuwa. Da na zo gida bayan an kai Inna asibiti a Kano, likita ya gaya mana gaskiya: jijiyar idon ce ke mutuwa, ba ta gyaruwa, kuma raguwa zai yi ta yi. Ƙananan abubuwa sun riga sun ɓace mata. Allura, tsakuwar shinkafa, fuskar mutum in ya ɗan matsa. Abin da ya rage mata shi ne babban abu mai haske.

Yaya Talatu ce ta ja ni bayan rumbu ta yi ƙasa da murya.

"Auta, ka san me na kama tsohuwar nan tana yi?"

"Satar goro?"

"Kai dai ba ka girma. Wayata na bari a kan tabarma da hoton Yaya a buɗe. Na dawo daga rijiya na tarar ta kara ta a hanci, tana juya ta kamar mai duba ƙwai. Da ta ji motsina ta tura ta ƙarƙashin filo ta ce wai sauro take kora."

"Ta gan shi?"

"Ina fa. Da daddare na ji tana cewa ita haske kawai ta gani."

Maganar nan ta tsaya min a rai har na koma bakin aiki. Ga ni kullum ina mayar da fuskar mai jawabi ta cika bango don na bayan ɗaki ya gani, ga uwata tana neman fuskar ɗanta a abin da bai kai tafin hannu ba, kuma lokaci yana ƙure mata. Na sami maigidana na faɗa masa. Mutumin kirki ne, ya ba ni aron babban majiginmu, wanda muke ɗauka mu biyu, ya ce in dawo da shi kafin taron da ke gabanmu, ya kuma ce in ƙura ta shiga cikinsa kada in dawo, in zarce Gabon ɗin ni ma.

Ranar da na sauke kaya a ƙofar gida, Baffa Audu ƙanen mahaifinmu ya baro gyaran kwalekwalensa ya zo ya tsaya a kaina. Baffa masunci ne kuma manomin rani, mutum ne da ba ya ganin abu ya wuce bai tambayi uwarsa da ubansa ba. Ya zagaya majigin, ya leƙa idonsa, ya durƙusa ya duba bayansa inda bakunan wayoyi suke jere.

"Wannan ramukan fa, duk ci suke yi?"

"Biyu ne namu, Baffa. Wannan na wuta ne, wannan kuma na igiyar netwok, ta nan hoto zai shigo."

"Sanin ne zai biyo ta nan?"

"Shi ne."

"Da tumbinsa? An ce ya yi tumbi."

"A hankali zai shigo, Baffa, kaɗan-kaɗan."

Ya gyaɗa kai ya ce haka ruwa ma yake shiga fadama.

Matsala ta farko ita ce sabis. A cikin gidanmu ko ka hau kan katanga waya ba ta kamawa. Duk garin wuri ɗaya ake zuwa, gindin wata ɗorawa da ke kan tudu bayan gidajenmu, nan za ka ga mutane tsaye kowa ya ɗaga hannu sama kamar masu roƙon ruwa. Na zo da rauta, wato ɗan akwatin da ke kamo sabis ya raba wa na'urori, na yi ta zagaya bishiyar da shi ina kallon fitilunsa. A ƙasa da kyar yake numfashi, amma da na ɗaura shi a gora na miƙa sama sai ya farfaɗo. Ke nan sama zai zauna. Na dubi reshen, na dubi cikina, na ga ba mu dace da juna ba. Baffa ya je ya ɗauko igiyarsa ta kamun kifi, ya ɗaura dutse a baki, ya wurga sau ɗaya ta haye reshen da nake so. Muka sa rautar da batirinta a cikin bokitin roba, muka rufe saboda rana da tsuntsaye, muka ja shi sama kamar guga. Daga nan na jawo doguwar igiyar netwok, ta gangaro tudu, ta bi gefen zana, ta shiga ta tagar Inna, inda na sa wani ɗan akwati ya raba ta biyu, ɗaya ga kwamfuta, ɗaya ga majigi. Irin igiyar nan ba ta son nisa ya yi yawa, kuma Allah ya taimake ni ta kai da kyar, babu ko kamu ɗaya da ya yi saura.

Washegari na tashi na tarar sabis ya mutu. Na bi igiya ina dubawa, sai ga akuyar maƙwabta tsaye tana tauna, tana kallona kamar ni na shigo mata gida. Na zauna na sake haɗa bakin da ta cinye, Baffa yana gefe yana kallon ƙananan wayoyi masu launi-launi da ke ciki, yana tambayar wacce ce ke ɗauko murya, wacce ke ɗauko gemu. Da na gama ya tafi fadamarsa ya kwaso tsofaffin tiyon ban-ruwa, muka zura igiyar a ciki tun daga gindin ɗorawa har taga. Na yi aiki a manyan otal, ban taɓa ganin igiyar da ta sami gata irin wannan ba.

Sai wuta. Ta gwamnati ba ma a maganarta, sandunan suna nan tsaye, shanu na sosa jiki da su. Janaretan mai cajin waya kuwa ƙarami ne, majigin nan in ya buɗe baki zai haɗiye shi. Na je Kiru wajen wani abokina mai walda na aro nasa, muka ɗoro shi a 'yar ƙurƙura, babur ɗin nan na ɗaukar kaya. Da muka tayar da shi a tsakar gida, kaji suka watse, Inna ta leƙo ta ce in dai wannan ne baƙon da na kawo mata, a mayar da shi inda ya fito. Gaskiyarta, da wannan ƙarar ko Yaya ya yi ihu ba za a ji shi ba. Muka tura shi can bayan rumbuna, na ja wayar wuta doguwa. Na kunna majigi, ya yi fur, ya kawo haske, sai ya ƙyafta jar fitila ya mutu. Na sake, ya sake. Wayar ce siririya, kafin wutar ta iso ɗaki ta galabaita. Baffa ya saurari bayanina ya ce ai ko shi in ya haɗa dogon tiyo siriri, ruwan da ke fita a ƙarshe bai fi fitsarin ɗan akuya ba. Na koma Kiru na samo waya mai kauri, na sa sitabilaiza a tsakani don kada injin ya yi tari ya ƙona min kayan mutane. Wannan karon majigi ya tashi ya zauna daram, fankarsa tana huci a hankali.

Na ɗauko farin yadin da muke haska hoto a kai zan kafa. Inna tana zaune a bakin gado, ta miƙa hannu ta shafa shi.

"Wannan na mene ne?"

"A kansa hoton zai fito, Inna."

"Naɗe shi."

"Inna, sabo ne fa."

"Na ji sabo ne. Ba a shimfiɗa mai rai a kan farin yadi a ɗakina. Naɗe ka fitar."

Na naɗe na fitar. Yaya Talatu ta sauke jeren kwanonin da ke bangon gabas, ta jiƙa farar ƙasa ta shafe shi da tsumma, ta bari ya bushe ta ƙara. Muka toshe taga da buhuna da bargo, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Duk wannan hidima Inna ba ta taɓa tambayar wa za a gani ba. Ta dai sa an wanke mata mayafinta na zuwa suna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi da Yaya, lokacin da yake rufe rumfa. Ni dai ban gayyaci kowa ba, amma gari ya ga bokiti a kan ɗorawa, ya ji ƙarar inji. Kafin in gama kunna kaya, matan unguwa sun cika ɗakin, tsofaffi a kan tabarma, masu goyo a tsaye, zafi kamar gidan burodi. Inna tana bakin gadonta. Na saita 'yar kyamarar da ke kan kwamfuta ta dube ta sosai, na danna kira.

Sai ga Yaya Sani ya cika bango, daga kusa da rufi har ƙasa. Hancinsa kaɗai ya kai turmi. Ɗakin ya ɗauki salati, wata tsohuwa ta ja da baya ta taka ƙafar Baffa, wani jariri ya fasa kuka. Yaya ya matso da fuska yana ƙifta ido, muryarsa ta fito a lasifika.

"Inna? Inna, barka da Juma'a. Ni ne."

Na juya don in ga fuskarta. Abin da na gani shi ne bayanta. Ta juya ta fuskanci ƙofa, ta ja mayafi ta rufe har goshi.

"Talatu," in ji ta, "ce masa lafiya lau."

Wallahi sai a lokacin na gane kuskurena. Na yi lissafin wuta, na yi lissafin sabis, har akuya na yi wa shiri, amma na manta da kunyar ɗan fari. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba, uwarku har rawa take yi da yayanku. Su Inna kuwa ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa hira da shi, ba sa ɗaga ido su dube shi, balle a gaban jama'a. Tunda nake ban taɓa jin ta ce Sani ba, sai dai wancan, ko na ƙasar ruwa. Ni a zatona shekarun rabuwa da ciwon ido sun isa su sa a ɗaga wannan doka na yini ɗaya. Ashe ni na daɗe a otal. Na kwaso mata ɗan fari na mayar da shi girman bango, na tara mata unguwa, sannan ina jiran ta zuba masa ido.

Matan suka yi ta lallashinta. Wata ta ce, "Haba Inna, ai hoto ne." Ta ce hoton da ke gaisuwa ba hoto ba ne. Yaya dai ya daure, ya gaisa da Baffa, ya tambayi ruwa da kifi, ya kira matarsa da 'ya'yansa suka leƙo ɗaya bayan ɗaya, amma ina ganin idonsa yana komawa wuri guda, wajen mayafin nan. Ni kuma kunnena yana kan inji, don na san man da ke ciki, na kuma san jibi majigin zai bar garin.

Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Yaya ya daskare a bango, baki a ɗan buɗe, murya ta yanke. Baffa ya ce iska ce ta juya bokiti, ya fita da sauri. Yaya Talatu, Allah ya yi mata albarka, ta dubi Inna ta dube ni, sai ta tashi tana kaɗa zane.

"To jama'a, an tafi hutu. Ku fito ku sha iska kafin ku suma mana a ɗaki."

Ta kwashe su kaf, ta fita ta saki labule. Ya rage daga ni sai Inna sai hucin fanka. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Yana ganina?"

"A'a, Inna. Sabis ya tsaya."

"Yana ji?"

"Ba ya ji."

"Amma yana nan?"

"Yana nan a bango, ko motsi ba ya yi."

Ta sauke mayafin zuwa kafaɗa, ta dafa gado ta miƙe. Daidai lokacin na ga alama a kwamfuta sabis yana dawowa, Baffa ya gyara bokitinsa. Nan da ɗan numfashi Yaya zai motsa ya ce Inna, ita kuma ta koma ta ba shi baya, shi ke nan an gama. Na san abin da yake jira shekara da shekaru ke nan, fuskarta a buɗe, ga ta kuma tana tahowa daidai saitin kyamara. Amma shi idonsa lafiya lau, nata ne ke tafiya. Akwai wani maɓalli a rimot ɗin majigi da ke tsayar da hoto a bango ko da na kwamfuta yana tafiya. Na danna shi. Na kashe lasifika da makirfo, na cire hulata na kifa a kan kyamara. Na riga na ce mata ba ya gani ba ya ji, ban so in zama maƙaryaci.

Ta taka a hankali har gaban bangon, sai inuwarta ta hau kansa ta rufe shi.

"Ya tafi."

"Bai tafi ba, ke kika tare hasken. Koma gefe kaɗan. Yauwa, nan."

Ta tsaya daga gefe, ta karkata kai yadda take yi in tana son ganin abu. Ta fara daga sama ta gangaro. Ni kuma a ƙaramin allon kwamfuta ina ganin Yaya na gaske yana ɗaga hannu, yana bubbuga wayarsa, bakinsa yana kiran sunana. Na kawar da kai.

"Wannan farin fa? Farar ƙasar Talatu ce?"

"Furfura ce, Inna."

"Furfura." Ta sake dubawa. "Wa ya aike shi?"

Ta matsa ta dubi kunnen, ta ce na ubansa ne, ba a rage komai ba. Ta nemi wani tabo a gefen gira, inda ta ce ƙofar kara ta tsohon gida ta taɓa yankarsa yana rarrafe, ta same shi, ta ɗora yatsa a wurin, hasken ya kwanta a bayan hannunta. Ta ce ƙibar da ake faɗa ƙarya ce, kumatu ne kawai, wuyan duk ya zube. Ta daɗe a tsaye. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka a kansa ba, kuma duk a cikinta ba ta kama sunansa ba. Daga baya ta faɗi wata magana guda a kan hularsa, ta juya ta lallaba ta koma bakin gado, ta ja mayafinta.

"Kashe. Na gani."

Da na ɗaga hulata daga kan kyamara, Yaya ya riga ya gaji ya katse. Na sake kira bai ɗauka ba. Na bar fankar majigi ta gama hucewa kafin in sa a kashe inji, na naɗe wayoyina. Washegari na tambayi Inna ko a sake gwadawa kafin in tafi, ta ce wane ne bai da aikin yi. Kafin damina ta zagayo, ko fitila aka shigo da ita ɗaki sai dai ta ji ɗuminta. Yaya bai sake samun wata dama ba, abin da ya gani na uwarsa a ranar shi ne bayan mayafi, kuma wannan a wuyana yake. Ya yi fushi mai tsawo, har yau bai gama hucewa ba, ban kuma ce bai da gaskiya ba. In da za a mayar da ni ɗakin, hular zan sake kifawa.

Amma akwai abin da ba ya faɗa muku. A yammacin ranar, bayan la'asar, na hau tudu na tsaya a gindin ɗorawa na yi ta kiransa har ya ɗauka. Bai ko amsa sallama ba.

"Kai wane irin mutum ne? Na rufe rumfa, na tara yara, sai duhu nake gani kamar an jefa ni a rijiya!"

"Cikin hulata ne, Yaya."

"Hularka? Don ubanka..." Sai ya tuna uban namu ɗaya ne, ya haɗiye sauran. Na bari ya gama numfashi, sannan na faɗa masa yadda aka yi, tun daga tambayar da ta yi min har tabon gira. Da na kai ƙarshe sai ya yi ƙasa da murya.

"Ta gan ni?"

"Ta gan ka tsaf."

"Ta ba da saƙo?"

"Ta ce a faɗa wa wancan ya daina karkata hula kamar ɗan tasha, ya girma."

Na cire wayar daga kunne na duba ko sabis ne ya sake ɗaukewa. Yana nan. Can na ji ya ja hanci, na ji wani ɗan motsi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Je ka ce mata na gyara."